Dakoro: yadda ake ciyar da kankana da malo, a ƙasa ko cikin ruwa

A yankin Dakoro, inda rijiyoyi ke da zurfi kuma ruwa ke da tsada, zancen noma ba tare da ƙasa ba yana jan hankali. A wannan tsari ana sa saiwar shuka cikin ruwan da aka narkar da taki a ciki, kuma yana cin ruwa kaɗan. Sai dai ga kankana da malo, wahalar tana wajen abincin shukar.

A cikin ruwa, duk abin da shuka za ta ci sai mutum ya zuba shi: azot, fosfor, potasiyom, kalsiyom, magneziyom, har da sinadarin ƙarfe. Takin 15-15-15 na kasuwa ukun farko kawai ya tanada, saboda haka shi kaɗai bai isa ba. Ana kuma auna tsamin ruwan, wato pH, ya tsaya tsakanin 5,5 da 6,5. Lokacin zafi shuka na shan ruwa da yawa, gishirin taki ya taru, ya ƙona saiwa cikin ƴan kwanaki.

Ƙasa kuwa tana rufa wa manomi asiri, domin tana ajiye abinci tana saki sannu a hankali. Amma jigawar Dakoro yashi ce mai ƙarancin fosfor da ruɓaɓɓen ganye. Idan aka zuba ure gaba ɗaya, ban ruwa zai gangara da shi ƙasa da saiwa, kuɗi su tafi a banza.

Darasin da mai garka zai ɗauka daga noman ruwa shi ne bayar da taki kaɗan-kaɗan, a lokacin da ya dace. Kafin shuka, a sa ruɓaɓɓen takin dabbobi da ɗan 15-15-15 cikin gurbi; yankin makiyaya ne, kashin dabba ba ya wuya. Lokacin da yaɗo ke tafiya, a raba ure kashi biyu ko uku. Da fure ya fito a rage shi, domin yawan azot ganye yake ƙarawa, zaƙi ya ragu. Potasiyom ne ke taimaka wa zaƙi.

Idan gindin ƴaƴan ya yi baƙi ya ruɓe, sau da yawa kalsiyom ne bai kai wurin ba saboda ban ruwa na yau akwai gobe babu. Kafin a sayi wani magani, a fara daidaita ruwan.