Gadar Gaya da Malanbil: Tarihin Mashigar Ƙasar Dandi

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Lambara da Shagari, ita ce ke kai matafiyi Jega, daga nan ya karkata zuwa Birnin Kebbi da Kamba, inda iyakar Nijeriya ta ƙare, garin Gaya na Jamhuriyar Nijar kuma ya bayyana a gindin tuddai masu kallon Kogin Kwara. A tsallaken kogin akwai Malanbil ta Jamhuriyar Benin, kuma gadoji biyu ne suka haɗa garuruwan, ta farko an gina ta a 1958, ta biyu tsakanin 1988 da 1989.

Dalilin gina ta farko shi ne layin dogon da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, saboda haka gyaɗar Nijar da kayan da take shigowa da su suka dogara da motoci, waɗanda dole su tsallake ruwa.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankali ita ce: a ina iyaka take a bisa gadar? Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya kan tsibirin Lete, har suka kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg. Nijar ta ce iyakar tana tsakiyar kowace gada, tun da tare aka kashe kuɗin ginawa da gyara, Benin kuwa ta ce dole iyakar sama ta bi ta ƙasa. A hukuncin 12 ga Yuli, 2005, kotun ta tsayar da iyaka a kan layin mafi zurfi na babbar hanyar jiragen ruwa, wato kwarin da ya fi zurfi a cikin kogin, ta ba Nijar Lete, sannan ta ce iyakar da ke bisa gada tana bin wannan layi na ƙarƙashinta, domin ikon ƙasa ya haɗa da sararin da ke samanta. Wannan hujja ce mai ƙarfi, don ta raba mallakar gini da mallakar ƙasa.

Abin takaici, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar da takunkumin ECOWAS, an toshe gadar da kwantenoni, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe ɓangarenta ba. Manyan motoci suka koma zagaye ta Togo da Burkina Faso, ƙananan 'yan kasuwa kuwa suka koma sauke buhunansu a bakin gaɓa, 'yan dako su loda a kwale-kwale, su biya kuɗin fito a kusa da gadar da aka gina domin a raba su da wannan wahala.