Abin da Muka Gani a Gonakin Masar

'Yan'uwa manoma, ƙasar Masar ba ta da damina. A Alƙahira sai a yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, can kudu wajen Aswan kuwa har shekara takan wuce. Duk da haka manomin Masar yakan girbe gonarsa sau biyu, wani ma sau uku, a shekara guda. Kogin Nilu shi ne daminarsu. Kusan dukan mutanen ƙasar a bakinsa suke zaune, in ka bar shi kaɗan sai rairayi.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga mutanenmu. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi daga Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741. Mu dai ƙauyuka muka shiga, gama aikinmu ke nan.

Abincin safe a can wake ne da ake kira ful, a dafa shi dare farai, a ci da gurasa. Gurasar suna ce mata aish, watau rai. Baƙo ba ya tashi sai ya sha shayi mai kauri da sukari. Gonakin ƙanana ne, da yawa ba su kai eka biyu ba, amma ba za ka ga taki ɗaya a banza ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne rabon ruwa. Gwamnati takan saki ruwa a magudana 'yan kwanaki, ta rufe 'yan kwanaki. Ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonaki kuwa ta manoman ce, su ke yashe ta, kowa kuma ya san lokacinsa. Wanda ke bakin ruwa in ya yi haɗama, na ƙarshe ya kwana da ƙishi, kuma su ma suna rigima a kan haka. Jigon da muke ɗebo ruwa da shi a fadama, su ma suna da shi, shaduf suke kiransa, ko da yake yanzu injin ya kore shi. Ƙungiyoyinmu da ke noman rani wajen madatsun Sabke da Daberam, ku duba wannan. Injin ban ruwa da aka saya da kuɗin gama kai ba lalacewa ke fara kashe shi ba, rashin tsarin wa zai sha yau wa zai sha gobe ne. A rubuta layin a littafi tun ba a zuba iri ba.

Sa'an nan dabbobi. Manomi yakan ware yanki a gonarsa da sanyi ya shuka wata ciyawa mai suna barsim, ya riƙa yanka wa saniya da jaki, ta sake tohowa. Danginta ɗaya da wake wajen gyara ƙasa. Ba mu ce a ɗauko irinta ba, amma ku tuna yadda shanunmu suke a Afrilu, sa'ad da harawa ta ƙare ana kakkaɓo 'ya'yan gawo. Kunya biyar ta wake a gefen lambu, don harawa kawai, za ta rage wannan wahala. Tattabaru ma ba don nama kaɗai suke kiwonsu ba. Suna gina musu dogayen hasumiyoyin laka, su tara kashin su kai gona. Mu kuwa namu shara ce.

Lissafin noma da watannin Kibɗawa ake yi, Musulmi da Kirista duka. Alkama a watan Hatur ake shukawa, wajen Nuwamba, lokacin da mu ma ya kamata tamu ta shiga ƙasa.

Ba kome ne abin sha'awa ba. Tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, ambaliyar da ke kawo laka mai taki kowace shekara ta tsaya, sai dogaro da takin zamani. Inda aka cika ban ruwa ba mafita, gishiri ya taso ya yi fari a bisa ƙasa, dole aka binne bututu don janye ruwan. Tsargiya kuma ta daɗe tana cin manomansu, domin katantanwar da ke ɗauke da ita a ruwan kwance take zama. Yaron da ke wanka a magudana, in kun ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti, akwai ƙwayar maganinta.