3.2 Hanyoyin Fitar da Ditaminan na Ƙaramin Matiriks da Hannu

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake fitar da ditaminan na matiriks, wato jadawalin lambobi mai layukan kwance da na tsaye daidai wa daida. Ditaminan lamba ce guda wadda ke nuna ko lissafin da jadawalin ya ƙunsa yana da amsa ɗaya tak. Seki Takakazu na ƙasar Japan ya yi rubutu a kansa a 1683, Leibniz na Jamus kuma a 1693.

3.2.1 Matiriks Mai Layi Biyu

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Shuwarin, cikin Ƙaramar Hukumar Kiyawa, ya sayi buhu 3 na gero da 2 na dawa, ya sake sayen buhu 1 na gero da 4 na dawa, farashi bai sauya ba.

3  2
1  4

Za a ninka lambobin a karkace, a ɗebe na biyu daga na farko: (3×4) − (2×1) = 10. Tun da amsar ba sifiri ba ce, ana iya gano kuɗin kowane buhu daga jimillar da ya biya sau biyun. Da a ce buhu 6 da 4 ya saya a karo na biyu, da an sami 12 − 12 = 0, domin ciniki na biyu ninkin na farko ne kurum, bai ƙara wani bayani ba.

3.2.2 Matiriks Mai Layi Uku

A nan za a yi amfani da hatimin nan mai gida tara da malaman zaure suka sani, irin wanda Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kansa a 1732.

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Hanya ta farko ita ce ta Laplace, ta shekarar 1772. Ana ɗaukar kowace lamba ta layin farko, a rufe layinta na kwance da na tsaye, a ninka ta da ditaminan na lambobi huɗun da suka rage, alamomi kuma su riƙa sauyawa: tarawa, ɗebewa, tarawa.

4(30 − 7) − 9(18 − 56) + 2(3 − 40) = 92 + 342 − 74 = 360

Hanya ta biyu ita ce ta Sarrus, mutumin Faransa. Ana sake rubuta layukan tsaye biyu na farko a hannun dama, a ninka a karkace zuwa ƙasa, a tara: 120 + 504 + 6 = 630. Daga nan sai a ninka a karkace zuwa sama: 80 + 28 + 162 = 270. Idan aka ɗebe, an sami 360 ke nan, daidai da amsar farko.

Sai dai a lura, hanyar Sarrus ta tsaya ne a kan layi uku. Matiriks mai layi huɗu yana buƙatar ninki 24, ita kuwa 8 kaɗai za ta bayar. Saboda haka wannan nazari yana ganin ya fi dacewa a fara koya wa ɗalibi hanyar Laplace, ya riƙa tantance amsarsa da ta Sarrus.