Tsuntsayen da ke saka ƙwai a ƙasa

Da an ce sheƙar tsuntsu, abin da ke zuwa zuciyar ɗalibi shi ne reshen bishiya. Amma a dazuzzukanmu na ciyawa, inda itatuwa ba su da yawa, akwai tsuntsayen da ƙasa ce ɗakin haihuwarsu: zabon daji, fakara, tuje, zakaran ƙeƙuwa, yautai da jimina.

Zabuwar daji takan tona ɗan rami mara zurfi a ƙarƙashin ciyawa mai duhu, ta shimfiɗa ganyaye, ta saka ƙwai kamar 6 zuwa 12, galibi da damina. Takan kwanta a kansu kwana 26 zuwa 28. Wannan ne ya sa idan aka sa wa kaza ƙwan zabi a gida, sai an ƙara haƙurin mako guda a kan kwana 21 da ta saba. Yautai kuwa ko rami ba ya tonawa. Yakan ajiye ƙwai 1 ko 2 a tsurar ƙasa, kuma launin gashinsa ya saje da busasshen ganye, har mutum ya kusa taka shi bai gan shi ba.

To, yaya suke tsira daga maciji, guza, tunku da hankaka? Dabarar farko ita ce sajewa. Ƙwan zakaran ƙeƙuwa yana da ɗigo-ɗigo, kai ka ce tsakuwa ce. Ta biyu, iyayen sukan tashi sama da ƙara, su riƙa kai wa maƙiyi farmaki har ya bar wurin. Wasu tsuntsayen kuma sukan yi kamar fiffikensu ya karye, su ja hankalin dabba nesa da ƙwan, sannan su tashi abinsu. Ta uku, 'ya'yan zabo da na fakara suna fitowa da gashi, ido a buɗe, kuma cikin 'yan sa'o'i suke bin uwarsu kiwo. Da za su daɗe a wuri ɗaya a ƙasa, da maƙiyi ya gano su.

Jimina kuwa rabon aiki take yi. Mata da yawa sukan saka ƙwai a rami guda. Macen, mai launin ƙasa, takan kwanta da rana. Namijin, mai baƙin gashi, ya karɓa da dare, har kusan kwana 42.

Sai dai waɗannan dabaru ba su da tasiri a gaban ɗan Adam. Gobarar daji, kofaton shanu, karnukan farauta da kwasar ƙwai suna hallaka sheƙa a rana guda. Jiminar da ta taɓa yawo a dajin Nijar ta ƙare a can, har sai da aka buɗe wurin kiwonta a Kelle, cikin jihar Damagaram, don a dawo da irinta.

Ɗalibi ma yana da rawar da zai taka. Idan ka ci karo da ƙwai a gona ko wurin kiwo, kada ka ɗauka, kada kuma ka tsaya a kai, domin rana na iya kashe ƙwan idan uwar ta jima ba ta dawo ba. Ka kauce da dabbobinka. Ka rubuta ranar, wurin da adadin ƙwan a littafinka, ka nuna wa malamin kimiyya.