Mun Je Kano Ɗaukar Hoton Biri

Duk wanda ya tashi a ƙasar Wurno, ko Rabah, ko Goronyo shekaru hamsin da suka wuce ya san aikin tsaron biri. Da zarar gero ya fara nuna, sai a tura yara gonar da ke bakin daji tun da asuba, da majajjawa da tsohon gwangwani, su yini suna ihu. A wancan zamani dajin Gundumi daji ne na gaske. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Wurno, sai da ya haɗa dare da rana yana tafiya ba zango, gama babu ruwa a cikinsa.

Yanzu fa? Gonaki sun ci daji, gatari ya ci itatuwa, farin 1973 da na 1984 suka ƙara nasu. Tun wajen 2018 kuma rashin zaman lafiya ya sa babu uban da zai ɗauki ɗansa su shiga daji don kallon dabba. Saboda haka akwai yara da yawa a garuruwan nan da ba su taɓa ganin biri ba, sai wanda aka ɗaura wa igiya a gindi ana yawo da shi ranar kasuwa.

Wannan ne ya sa muka shirya tafiya Kano da wani dattijo mutumin Goronyo da jikokinsa uku. Matarsa ba ta iya doguwar tafiya a mota, ita ce kuwa ta ba mu aiki. Ta ce a kawo mata hoton jan biri, ta gani ko har yanzu yana nan yadda ta san shi. Tafiyar yini guda ce, kuɗin mota kuwa kusan buhun albasa ya tafi a ciki. Ba abin da za a sake yi baɗi ba ne.

Gidan namun daji na Kano, wanda kowa ke kira Gidan Zoo, an buɗe shi a 1972, zamanin Gwamna Audu Bako, sunansa kuma yake ɗauke da shi. Mun shiga da azahar, wannan ne kuskurenmu na fari. Rana tana tsaka, birai duk sun lafe a inuwa sun juya mana baya. Yaran suka yi ta tafi, suna fito, suna ɗaga wayar hannu suna latsawa. Da muka koma masauki muka duba, hoto ya fi arba'in, amma abin da ya fito sosai a cikinsu shi ne wayar keji. Birin kuwa sai wani baƙin dunƙule can baya, kamar tsumma.

Kashegari muka koma da sassafe, muka kuma bar gaggawa a gida. Ga abin da muka gane, ko zai amfani wani iyali. Da safe birai suke kai da kawowa, hasken rana kuma yana da laushi, yana shiga idonsu. Mai ɗaukar hoto ya tsaya rana tana bayansa. Kamara ba ta da wayo, abin da ya fi kusa da ita shi take kamawa, watau wayar keji. Maganin wannan shi ne ka matso iyakar inda shingen 'yan kallo ya yarda, ka jira sai birin ya ja can tsakiyar kejin nesa da waya, sa'an nan ka jawo shi kusa da gilashin kamara. In wayar hannu ce, ka taɓa fuskar birin a kan allo da yatsa kafin ka latsa. Sai ka ga wayar kejin ta dushe, ta zama kamar hazo. Idan ido ya fito tas, hoto ya yi. Idan ido bai fito ba, kome kyaun jelar, aikin banza ne. A kashe fitilar kamara kuma, gama firgita su take yi. In biri yana ƙasa, ka durƙusa, kada ka ɗauko shi daga sama kamar mai leƙen rijiya.

Amma babban abin shi ne haƙuri, kuma a nan dattijon ya fi mu duka. Ya zauna kan dutse kusan rabin sa'a bai ce uffan ba. Can sai ya taɓa babban jikansa, ya ce, “Kai, shirya abinka. Wanga namijin zai hau sama yanzu.” Ai kuwa ya hau kan kututture, ya miƙe, yana duban nesa. Dattijo ya ce haka suke yi a gona: namiji guda ne a garke, shi ke gadi, mata da 'ya'ya suna ɓarna. Masana ma haka suka rubuta. Jan biri ya fi kowane biri a duniya gudu, yakan kai kilomita 55 a sa'a, shi ya sa ƙafafunsa dogaye ne kamar na karen farauta, a ƙasa kuma yake yawancin rayuwarsa. Namiji yakan ninka mace girma, ga farin gashin baki kamar na tsohon ɗan sanda. Yaron ya latsa sau ɗaya, hoton kuwa ya fito.

Akwai abin da ya kamata iyaye su gaya wa yara tun kafin a isa ƙofa. Mukan ce biri ya yi kama da mutum, amma fuskarsa ba irin maganar tamu take yi ba. In ka ga ya yage baki haƙora a waje, ba dariya yake yi ba, tsoro ne. In bika, wanda waɗansu ke kira gwaggon biri, ya yi maka doguwar hamma yana nuna fiƙoƙi, gargaɗi ne. Zura masa ido kuma neman faɗa ne a wurinsu. Ƙaramar jikar ta miƙa hannu da gyaɗa don wani kirka ya matso, kakanta ya fizge ta. Ya yi daidai. Hannun biri ya fi ido sauri, cizonsa kuma yana iya kawo ciwo mai tsanani. Wanda aka ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Su ma suna ɗaukar namu, mura da tarin fuka da ƙyanda, don haka mai tari ya tsaya nesa.

Af, a riƙe kamara da kyau. A 2011, a tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya, wani biri ya latsa kamarar wani Bature mai suna David Slater, ya ɗauki hoton kansa. Maganar wa ke da hoton ta kai har kotun Amurka, sai a 2018 aka yanke cewa dabba ba ta da ikon kai ƙara a kan mallakar hoto. Mu dai ba mu da kuɗin lauya.

A kan hanyarmu ta komowa, a wata tasha, wani saurayi ya zo da ɗan jan biri a kafaɗa, da sarƙa a ƙugunsa. Ya ce a biya kaɗan yara su rungume shi a ɗauke su. Yaran suka yi tsalle. Mu ma, gaskiya, zuciyarmu ta so, gama wannan hoton zai fi na keji kyau nesa ba kusa ba. Dattijon ya dubi birin, ya ce, “Ɗana, ina uwa tai?” Saurayin ya yi shiru. Mafarauta sun sani, uwar biri ba ta sakin jaririnta da rai, sau da yawa sai an harbe ta ake ɓamɓare shi daga ƙirjinta. Duk kuɗin da aka biya don irin wannan hoto, kuɗin harsashin da za a harbi wata uwar ne. Masana birai na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, sun fitar da gargaɗi a 2021 cewa a daina yaɗa hoton mutum rungume da biri, domin yana sa masu gani su yi sha'awar ajiye shi a gida. Ba mu biya ba. Ƙaramar ta yi kuka har ta yi barci.

Da muka isa Sakkwato muka wanke hoton namijin nan a takarda, muka kai wa tsohuwa Goronyo. Ta fito da shi tsakar gida inda haske yake, ta daɗe tana dubawa. Sa'an nan ta ce shi ne, har gashin bakin, sai dai wanda ta sani ya fi wannan ja, domin rana da ƙura yake sha. Ta sa aka maƙala shi a bango, sama da jeren kwanoninta.