Sanata, Gwamna da Burtsatsen Unguwarku: Yadda Aiki Ke Tasowa Daga Abuja Ya Iso Dalijan

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba.

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku daga Gwandu da Kalgo ita ce: wai mene ne ainihin aikin ɗan majalisar tarayya? Wani ya ce aikinsa gina titi. Wani ya ce a'a, doka kawai yake yi, kada a dame shi. Kowa ya faɗi wani ɓangare. To bari mu bi abin a hankali, da misalin gidanmu.

Mutumin Dalijan, a ƙaramar hukumar Gwandu, yana da wakilai biyu a Abuja. Akwai ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Aliero, Gwandu da Jega. Akwai kuma sanatan Kebbi ta Tsakiya, wanda ke ɗauke da ƙananan hukumomi takwas: Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza, Gwandu, Aliero, Jega, Maiyama da Koko/Besse. Mutumin Kalgo sanatansu ɗaya da na Dalijan, amma ɗan majalisar wakilansa daban ne, shi yana tare da Birnin Kebbi da Bunza.

Wanda ke kan kujerar sanatan shi ne Muhammad Adamu Aliero, kuma tarihinsa ya dace da darasinmu, domin ya zauna kujeru iri uku. Ya yi gwamnan Kebbi daga 1999 zuwa 2007. Ya tafi majalisar dattawa a 2007, aka naɗa shi ministan Abuja a ƙarshen 2008, Atiku Bagudu ya gaji kujerar. A 2015 ya koma majalisa, ya sake cin zaɓe a 2019, sannan a 2023 ya kayar da Bagudun, wanda a lokacin yake gwamna mai ci.

Ku lura da wannan. Lokacin yana gwamna aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, a 2006. Gwamna yana da baitulmali a hannunsa, yana da kwamishinoni, gwamnatinsa ce ke ba da kwangila, ita ke biya. Mutum ɗaya ne, amma ranar da ya zama sanata duk wannan ya fita daga hannunsa. Sanata ba ya sa hannu a kwangila. Tsarin mulkin 1999 abu uku ya ba shi: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ma'aikatu ke kashe kuɗin. Sashe na 88 da na 89 ma sun ba majalisa ikon kiran minista ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayani.

To in haka ne, daga ina allon nan ke fitowa, mai hoton ɗan majalisa a jikin burtsatse ko ajin makaranta?

Daga kasafi. Shugaban ƙasa ne ke kai kasafin gaban majalisa. Kwamitoci su zauna da ma'aikatu, a rage nan, a ƙara can. A nan ɗan majalisa ke saka ayyukan mazaɓarsa. Tun zamanin Obasanjo aka fara wannan al'ada, kuma shekara da shekaru abin da aka riƙa warewa ayyukan mazaɓu naira biliyan 100 ne a shekara. Kuɗin ba ya shiga asusun ɗan majalisa, a ƙa'ida. Shi dai zai faɗi aikin da wurin, a ajiye shi a ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma. Ita za ta nemi ɗan kwangila bisa dokar ba da kwangila ta 2007, ita za ta biya, in ma'aikatar kuɗi ta saki kuɗin.

Biliyan 100 kamar da yawa ko? Mu yi lissafi. Sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, jimla 469. Ba raba daidai ake yi ba, shugabannin majalisa sun fi samu, amma mu ɗauka daidai ne: kowa zai tashi da kusan miliyan 213. Sanatanmu ya raba wa ƙananan hukumomi takwas, kowace ta samu kusan miliyan 27. Gwandu tana da mazaɓu goma, ka ga rabon Dalijan bai kai miliyan uku ba. Wannan kuɗin ba ya yin titi. Shi ya sa kullum abin da kuke gani bai wuce burtsatse, fitilar sola, keken ɗinki, injin ban ruwa da babur ba.

Manyan kuɗin suna wani wuri, wato ayyukan da ake cusawa kai tsaye cikin kasafin ma'aikatu. Ƙungiyar BudgIT ta ce a kasafin 2025, na naira tiriliyan 54.99, majalisa ta saka ayyuka 11,122 da kuɗinsu ya kai tiriliyan 6.93. Kun tuna Sanata Abdul Ningi na Bauchi? A watan Maris na 2024 ya yi hira da BBC Hausa kan cushe a kasafi, majalisar ta dakatar da shi. Wurin nan ne ake kokawa, kuma wanda ke riƙe da kwamiti mai nauyi shi ke da baki. Aliero ya shugabanci kwamitin ayyuka na majalisar dattawa daga 2019 zuwa 2023, wato kwamitin da ministan ayyuka ke zuwa gabansa ya kare kasafinsa. A majalisa ta goma kuma aka ba shi kwamitin sufurin ƙasa, mai kula da jiragen ƙasa. Saboda haka in za mu auna shi, a ganina zalunci ne ga kanmu mu tsaya ƙirga babura. Mai irin wannan kujera, da manyan hanyoyi ake auna shi, irin hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, Jega, Yawuri har Kontagora: nawa aka saka mata kowace shekara, nawa aka saki, ina aikin ya tsaya.

Maganar hanya tana da wani ruɗani da ya kamata mu warware. Hanyoyi kashi uku ne a Najeriya: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. Hanyar da manomin albasa ke bi daga gona zuwa kasuwa galibi ta ƙaramar hukuma ce ko ta jiha. Ɗan majalisar tarayya yana iya saka ta a kasafin Abuja a yi ta sau ɗaya. Amma in damina biyu ta cinye ta, wa zai gyara? Hukumar da ta yi aikin ta tattara ta koma. Ƙaramar hukuma ta ce ba ita ta yi ba. Haka burtsatsen sola ke mutuwa saboda ƙaramin gyara, ya zama wurin ɗaure awaki. Kuɗin ginawa ake sakawa a kasafi, da wuya ka ga na kulawa.

Sai babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2024, ɓangaren Kebbi kilomita 258. Wannan aikin ɓangaren zartarwa ne, ma'aikatar ayyuka ƙarƙashin Dave Umahi. Kada wani ɗan majalisa ya ce muku shi ya kawo ta shi kaɗai. Amma kuma kada ya ce ba ruwansa. Majalisa ce ke amincewa da kuɗin da bashin da za a ciyo. Kuma in an ci gonar talaka ba a biya diyya yadda ya kamata ba, wakilinsa ne ke da ikon tayar da maganar a zaure, ya sa a kira ma'aikatar.

Yanzu ga ɓangaren da muka fi rainawa, wato doka. Ba a yanka ƙyalle a kanta, ba a kiɗa, amma ta fi burtsatse daɗewa.

Ku ɗauki dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025. Da aka fara kai ƙudirin a 2024, an so a raba kashi 60 na kason jihohi daga harajin VAT bisa inda harajin ya fito. Gwamnonin Arewa suka ƙi, aka yi ta ja-in-ja a majalisa. A ƙarshe aka tsaya a kan rabi a raba daidai tsakanin jihohi, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Kason jihohi ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suka ci gaba da riƙe 35. Wannan lissafin da aka yi a ɗakin kwamiti shi zai yanke abin da Kebbi za ta riƙa samu duk wata, shekara da shekaru. Albashin malamin firamare na Dalijan yana da alaƙa da irin wannan rabo.

Haka dokar bashin karatu, wadda aka sake yi a watan Afrilu na 2024 aka samu NELFUND, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza suna cikin masu iya nema. Haka gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da ya ba jihohi damar shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa. Haka dokar kafa hukumar raya Arewa maso Yamma a 2024, wadda Kebbi ke ciki. Kai, har dokar rage shekarun takara ta 2018, da ta sauko da shekarun ɗan majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Albarkacinta a 2023 mazaɓar Birnin Kebbi, Kalgo da Bunza ta tura Ibrahim Bello Mohammed majalisa bai kai shekara 30 ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu matasa da muka yi karatu mu ne kan gaba wajen watsa hoton rabon babura a Facebook, amma ka tambaye mu matsayin wakilinmu kan dokar haraji, sai shiru. Su kuma 'yan siyasa suna kallonmu. Abin da muke tafa wa hannu shi za su ƙara kawowa. Buhari da kansa ya faɗa a 2019, a taron ICPC, cewa an kashe kusan tiriliyan ɗaya kan ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba a ga tasirin da ya kai kuɗin ba.

To me mai waya a hannu zai iya yi? Kasafin tarayya yana shafin ofishin kasafi na ƙasa, kyauta. Ka sauke, ka sa sunan Gwandu, Kalgo ko Dalijan a wurin bincike. In ka ga layi, ka rubuta sunan aikin, kuɗinsa, da hukumar da aka ajiye shi a ƙarƙashinta. Wannan na ƙarshen ka kula da shi sosai, domin sau da yawa za ka ga an ba wata cibiyar bincike ko kwaleji da ke wata jiha aikin fitilun titi, abin da ba hurumin ta ba ne. Daga nan ka je wurin da ƙafarka, ka ɗauki hoto mai kwanan wata. In babu komai, kada ka yi saurin cewa an ci kuɗin, domin saka aiki a kasafi daban, sakin kuɗinsa daban. Hukumar za ka rubuta wa, bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka tambayi nawa aka saki da sunan ɗan kwangila. Doka ta ba su kwana bakwai su amsa. In an saki kuɗi babu aiki, ICPC tana bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, kuma ta sha mayar da 'yan kwangila bakin aiki. Akwai kuma Tracka ta BudgIT da ke karɓar irin wannan rahoto.

Ku yi shi a ƙungiyance, mutum biyar ko goma, da dattijo ɗaya na unguwa a cikinku, kuma ku rubuta da ladabi. Duk wanda ya samo layin garinsu a kasafin bana, ya ajiye mana hotonsa a ƙarƙashin wannan rubutu, da sunan hukumar, mu duba tare a shiri na gaba.