Ƙullutun Allura A Jikin Masu Ciwon Sukari

Tun shekarar 1922 ake yi wa masu ciwon sukari allurar insulin, wadda Banting da Best suka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. Maganin nan ya ceci rayuka masu yawa, amma akwai wata illa da kan same shi idan ba a lura da wurin da ake yin allurar ba.

Abin Da Ke Faruwa

Idan mutum ya dinga yin allura a wuri guda shekara da shekaru, wani sashe na maganin yakan sāke siffa, ya dunƙule a ƙarƙashin fata, ya zama ƙullutu mai tauri. Likitoci na kiran abin da ya taru ɗin amiloyid. An fara ba da labarinsa a wurin allura a Jamus a 1983. Ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma ba sankara ba ne. Ya bambanta da kumburin kitse da allura kan jawo, domin shi na kitse yana da laushi kuma yakan ragu in an hutar da wurin, wannan kuwa yakan daɗe bai baje ba. Don a tabbatar, sai likita ya ɗebi ɗan tsoka, a zuba masa wani jan rini, a duba da madubin asibiti.

Haɗarinsa

Allura a kan ƙullutun ba ta da zafi sosai, saboda haka majiyyaci ya fi son wurin. Amma likitocin Japan sun auna, sun tarar abin da ke shiga jini daga nan kimanin sulusi ne kawai na abin da ke shiga daga lafiyayyar fata. Sai sukari ya ƙi sauka, a yi ta ƙara magani. Ran da aka yi wannan allura mai yawa a lafiyayyen wuri, sukarin jini ya faɗi farat ɗaya: ga gumi, ga makyarkyata, ga jiri, har suma, wani lokaci ma mutuwa. Wanda hakan ta same shi, in yana iya haɗiya, a ba shi sukari ko zuma nan take, a kai shi asibiti.

Abin Da Ya Kamata A Yi

A riƙa sauya wuri tsakanin ciki da cinya da dantse da ɗuwawu, a bar faɗin yatsa guda tsakanin allura da allura, a kuma ɗauki sabuwar allura kowane lokaci. Wanda ya shafa ya ji ƙullutu, kada ya koma sabon wuri da adadin da ya saba, sai likita ya rage masa tukuna. In ƙullutun ya yi girma, akan cire shi da fiɗa.

Ana roƙon Hakimai su sa malamansu su karanta wa Dagatai da Masu Unguwa wannan bayani, domin ya isa ga kowane gida da ke da mai wannan ciwo.